Malamin Da Ya Nemo Ɗaliban Da Kwamfuta Ta Haɗiye

Kafin masu shara su gama da barandar sashen koyon kasuwanci, Malam ya riga ya iso. Ba ofis yake fara nufa ba. Ɗakin kwamfuta yake buɗewa, ya ɗage labule, ya bi na'urorin yana kunnawa kamar likita mai zagayen marasa lafiya. Wadda ta tashi ya wuce ta. Wadda ta ƙi, ya kwance bayanta, ya ciro wani abu daga cikin wata da ta riga ta mutu ya dasa mata. Matattun suna jibge a kusurwa, ɗalibai na kiran wurin maƙabarta. In an ɗauke wuta, kuma hakan ya fi yawa, sai ya ɗauki alli ya zana a allo abin da ya kamata a gani a fuskar kwamfuta.

Darasin da yake koyarwa shi ne tsarin sarrafa bayanai: yadda kamfani ko asibiti ko babban shago ke tattara bayanansa, ya adana su, ya fito da su ranar da ake buƙata. Ɗaliban digirin farko ba sa son darasin. Na tuna wani ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa manajoji za mu zama, ba masu danne-danne ba."

Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Manajan da bai san inda bayanansa ke kwana ba, ai maigadi ne da ya sa kwat."

Aji ya kwashe da dariya. Ina cikin ajin a ranar, don ni ma ta hannunsa na bi. Daga baya na dawo koyarwa, aka haɗa mu ofis ɗaya, teburina na kallon nasa. A bayan idonsa ana kiransa Sake-Duba, domin duk aikin da ka kai masa, abin da za ka fara ji ke nan. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya dame shi ba.

A wannan wata zai ajiye aiki. Ba don yawan shekarunsa a aji kawai nake wannan rubutu ba. Akwai shekara guda da nake so a sani.

A shekarar, jami'armu ta yanke shawarar watsar da tsohon tsarin ajiye sakamakon jarrabawa, ta sayo sabuwar manhaja daga wani kamfani. Aka sa Malam a kwamitin da zai kula da sauyin. Sakatariyar kwamitin ce ta ba ni labarin abin da ya faɗa. Ya ce a bar tsohon da sabon su yi aiki tare na zango ɗaya, a riƙa gwada na wannan da na wancan, kuma a ajiye kwafin komai a wani wuri daban kafin a taɓa tsohuwar na'urar. Abin da yake koya wa yara ke nan kowace shekara.

Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne. An riga an sa ranar ƙaddamarwa, an gayyaci manyan baƙi."

"Ranka ya daɗe, kada mu saki reshe mu kama ganye."

"Mun ji. Sai batu na gaba."

Aka ƙaddamar, aka yi tafi. Tsohuwar na'urar aka share ta tas aka ba wani ofis.

Ba a gane ɓarnar ba sai da 'yan ajin ƙarshe suka zo karɓar sakamako. Wasu makinsu na shekarun baya ya ɓace. Wasu masu suna iri ɗaya an narka su sun zama mutum guda. Wata yarinya aka nuna ta faɗi darasin da ba ta taɓa ɗauka ba. Wasu kuwa babu su kwata-kwata, kamar ba su taɓa taka harabar ba. Baranda ta cika da matasa riƙe da takardu, wannan ofis ya tura su wancan, wancan ya dawo da su. Amsa ɗaya ce a ko'ina: "Kwamfuta ta ce ba ka nan." Kamfani ya ce laifin jami'a ne, jami'a ta ce na kamfani ne, kowa ya kakkaɓe rigarsa.

Cikin waɗanda aka ce ba sa nan akwai wani da ake kira Dogo. Maraya ne, mahaifiyarsa ɗinki take yi a wani gari mai nisa. Ya samu alkawarin aiki a wata masana'anta, sharaɗin kawai ya kawo shaidar kammala karatu. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin garinsu da makaranta har direbobin tasha suka san shi. Wata rana ya shigo ofishinmu ya zauna, ya ma manta bai yi sallama ba.

Ya ce, "Malam, aikin ma na haƙura da shi. Kawunnaina ne. Sun ce wa Mama korata aka yi nake ɓoyewa, wai shekarun nan duk yawo nake. Jiya da na ce zan taho, kallona kawai ta yi."

Malam ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "A ajina ka zauna, layin baya, kusa da taga, don kada ka tare wa mutane allo. Ni na san kana nan. Tashi ka je, za mu nemo ka."

Akwai wani ɗaki a ƙarshen gini inda ake jibge tsofaffin takardun jarrabawa. Rufinsa na yoyo, gara ta yi gida a ciki. Malam ya nemi izinin shiga, shugaban sashe ya ce, "In kana da lokacin ɓatawa, bismilla." Ba aikinsa ba ne, kuma ba wanda ya sa shi. Da an tashi daga lacca sai ya naɗe hannun riga, ya ɗaura hankici a hanci, ya shiga. Ni da wata malamar lissafin kuɗi da mai kula da sito muka riƙa taya shi. Ana kwance ɗauri, a nemo lambar ɗalibi, a karanto makin da ke bangon takarda, wani ya maimaita, sannan a shigar. Wasu takardun sun manne da juna, sai an sa wuƙa a hankali.

Ɗalibansa na wannan zangon suka zo a ƙungiyance suka ce za su taimaka. Da ya yarda, da aikin ya ragu sosai. Ya ƙi. Ya ce, "Ku tsara mini rumbun da za a zuba bayanan, wannan aikinku ne, zan ba ku maki a kai. Amma takardar wani ba za ku taɓa ba. Sirrin mutum ba abin koyon hannu ba ne."

A lokacin ciwon hawan jinin ido ya riga ya kama shi, likita ya sa ranar da za a yi masa aikin ido. Malam ya ɗaga ranar, domin in aka yi aikin dole ya kwanta, ga shi majalisar jami'a ta ba da wa'adin da in ya wuce, duk wanda ba a gyara nasa ba sai ya maimaita shekara. Ya sake ɗagawa. Rannan sai ga uwargidansa har ƙofar ɗakin takardun, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallonsa, ƙura har gira.

"Malam, ido fa ba a sayar da shi a kasuwa."

"Ai biyu ne, in ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa."

"Ni za ka yi wa wasa? 'Ya'yan mutane kake ceto, naka kuma wa zai ja musu uba a titi?"

Ta ajiye masa maganin ɗigawa a kan wani ɗauri ta juya.

An nemo na Dogo gaba ɗaya. Amma ofishin magatakarda ya ce sai ɗalibi ya zo da ƙafarsa ya sa hannu kafin a amince da gyaran. Malam ya roƙa a bari a aika masa takardar, aka ce doka ce. A gabana ya ɗauki waya ya kira shi cike da murna. "Dogo, mun same ka! Ka taho gobe ka sa hannu."

Washegari da hantsi motar da Dogo ya shiga ta yi karo da tankar mai. Ba wanda ya fita da rai a kujerar gaba, kuma saboda tsawon ƙafarsa kullum gaba yake zama.

Da labarin ya iso, Malam ya daɗe yana kallon bango. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na kira shi." Na ce, "Malam, kwana ne ya ƙare." Ya ce, "Na sani. Amma ni na kira shi." Sannan ya tashi ya koma ɗakin takardu, domin akwai sauran yara.

Sai da ya yi ta sintiri kafin aka yarda aka fitar da shaidar kammala karatun marigayin ba tare da sa hannunsa ba. Ni na raka shi kai wa mahaifiyar. Muka same ta a gaban keken ɗinki, ba ta ɗinka komai. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta shafa sunan da yatsa.

"Malam, ya ci ko?"

"Ya ci, Mama. Ci mai kyau."

"Ya ce mini kwamfuta ta ce ba ya nan." Ta sake shafa sunan. "To yanzu kam ba ya nan."

Ta aika aka kira kawunnan. Da suka zauna ta ce, "Malam, maimaita a gabansu." Malam ya miƙe tsaye kamar yana aji, ya faɗi shekarar da yaron ya shiga, da darussan da ya ɗauka, da matakin da ya fita da shi. Ya ce, "Ɗanku bai yi muku ƙarya ba. Mu ne muka ɓatar da shi." Babban kawun ya sunkuyar da kai. Sai a sannan uwar ta fashe da kuka.

A taron malamai na gaba Malam ya nemi magana. Ya ce a daina cewa kwamfuta ta yi kuskure, kwamfuta ba ta yanke shawara, mutane ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka zaɓi ranar biki a kan makomar yara, kuma shi ma yana ɗakin. Gaskiya ɗaci gare ta, mai faɗinta kuma shi ake fara tofarwa. Aka cire shi daga kwamitin, takardun ƙarin girmansa suka kwanta a wani teburi ba su sake tashi ba. Ba a hukunta kowa ba. Kuma ba duka aka ceto ba: waɗanda gara ta cinye takardunsu, wasu sun maimaita shekara, wasu sun tafi ba su dawo ba. Har yau Malam na iya jero su.

Lokacin da ya je aikin idon, likita ya ce na hagu ya riga ya tafi. Na daman ma tun daga nan yake ja da baya. A shekarun nan na ƙarshe, autarsa ce ke kawo shi, ta riƙe masa hannu a matakala, ta zauna gefensa ta karanta masa aikin ɗalibai yana faɗin maki. In ta yi sauri ya ce, "Auta, ba labarai kike karantawa a rediyo ba." Ta ce, "Baba, ai kai ma ba ka biyana albashi." Amma bai fasa shiga aji ba, kuma kowace shekara sai ya ba sababbin ɗalibai labarin shekarar nan, ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Malam, kai ne ka shiga ɗakin da kowa ke toshe hanci in ya gifta. Kai ne raƙumin da ya ɗauki kayan da ba nasa ba, bai yi kuka ba. Kai ne ka mayar wa uwa mutuncin ɗanta, tunda ɗan ba ya dawowa. Ba a ba ka lambar yabo ba, ba a sa sunanka a ƙofar kowane ɗaki ba. Amma kwanaki na haɗu da wata tsohuwar ɗalibarka da ke kula da bayanan marasa lafiya a wani asibiti. Ta ce an matsa mata ta kashe tsohon tsarinsu rana ɗaya, ta ƙi, har aka kira ta mai taurin kai. Ta ce, "Muryar Malam nake ji a kunnena." Irinta suna da yawa, ba ka san su duka ba.

Ku kuma da ke zaune gaban na'ura a banki, a makaranta, a asibiti, a ofishin fansho, kuna shigar da sunayen mutanen da ba ku taɓa gani ba: kowane layi akwai mai jiransa a gida. In wani ya tsaya gabanku na'ura ta ce babu shi, ku ɗaga kai ku dube shi, ku tashi ku nemo shi. Ku kuma masu yanke shawara, in mai sani ya ce a dakata, ku dakata, biki ba ya gudu.

Malam, na san ba za ka iya karanta wannan da kanka ba, Auta ce za ta karanta maka. Auta, in kin iso nan, ki sassauta, ki matsa kusa da kunnensa, ki ɗaga murya. Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka inda ido ba ya kaiwa.