Farin layin Yaya Bello

Shekara tara ke nan da gulbi ya karɓe mini yayana, Malam Bello, malamin kimiyya a wata sakandare da ke Jega. Mutane suna cewa hatsarin jirgin ruwa ne, ni ma haka nake amsawa idan an tambaye ni. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne, buhunan da ke cikin jirgin nan nawa ne.

Yaya mutum ne da ba ya barin aikinsa a aji. Sai ya zaunar da mu a tsakar gida, ya ɗora ƙwarya a kan ruwan baho, yana jefa mata tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce ruwa yana tallafe abu ne gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture, in nauyi ya wuce haka sai ƙasa. Wani lokaci ya huda gwangwani wuri uku ya cika shi, ya nuna mana yadda hudar ƙasa ta fi feshi da ƙarfi, domin matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi. Ni dai dariya nake yi masa, ina ce masa malamin baho.

Da kuɗin aljihunsa ya sayi farin fenti, ya bi jiragen mashigarmu, inda ake haye gulbin, yana ja musu layi a gefe. Ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa layin, a rage kaya. Matuƙa suka bar shi don ganin girmansa, amma su lissafinsu na buhu ne, kamar yadda suka gada. Jirgin wane buhu ashirin yake ci, shi ke nan magana ta ƙare.

A shekarar da ya rasu, ruwa ya mamaye fadama, muka yanke shinkafa a cikin ruwa, muka ɗura ta a jiƙe. Yaya ya haye ya taya ni. Muna lodin jirgi, muna kan buhu na goma sha biyar ruwa ya shafe layin.

"Ku dakata hakanan," in ji shi. "Ku diba layin ga."

Matuƙin ya ce, "Malam, ashirin munka saba ɗauka, ko jiya mun ɗauka."

"Na jiya busassa ta. Wagga ta sha ruwa, buhun ɗaya na, nauyin ba ɗaya ba."

Ni na tsoma baki. Na ce hadari ya taso, ba zan bar buhu biyar a hayi ba saboda fenti. Ya dube ni, aka ɗora sauran biyar ɗin, ya ɗauki ƙwarya ya shiga, wai ko ya taya kwarfe ruwa. A tsakiyar gulbi wata tsohuwar tsaga ta ƙasan jirgin ta buɗe. Jirgin yana ƙara nutsewa tana ƙara feshi, daidai yadda gwangwanin nan yake yi. Mu mun iya iyo, shi bai iya ba.

Yau da Yaya zai leƙo mashigar, ban san da wane ido zai kalle mu ba. An sa wa jirage inji, ana ɗora musu babura da buhunan albasa na 'yan Aliero, kuma har yanzu buhu ake ƙirgawa. Layinsa ya goge tuntuni, sababbin jiragen ma ba su taɓa ganin fenti ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yarsa Asma'u, wadda na riƙe tun rasuwarsa, ta zama ungozoma, an tura ta wani ƙauye a hayin gulbi ta wajen Maiyama. Safe da yamma a jirgi take. Ranar kasuwa na raka ta mashiga, na ga tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi yatsu huɗu ba. Na riƙe mata jaka na ce ta jira na baya. Ta ce, "Baba, mai naƙuda ba ta jiran na baya," ta shiga. Na tsaya ina kallonsu har suka kai gaɓa.

Washegari na sayi fenti da buroshi na koma. Wani matuƙi mai kirki ya ce, "To Alhaji, ga jirgi, ina za a ja shi?" Na tsuguna da buroshi a hannu, sai na tarar ban sani ba. Yaya yana auna kowane jirgi daban, yana rubutu a takarda, ni kuwa lokacin ina can ina dariya.

Ilminsa yana nan a kan ɗalibansa, na sani, wasunsu ma suna koyarwa a Jega da Aliero. Ina roƙonku don Allah, wanda ya zauna a ajin Malam Bello ya ga ƙwaryar nan, ya zo mashiga ya nuna mini wurin. Fentin yana ɗakina ban rufe shi da kyau ba, ya fara bushewa, kuma gobe da safe Asma'u za ta haye.