Wasalin da Folke Ya Ƙi Ja

Folke kurma ne a kunnen hagu, na dama kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Na san shi tun muna aiki a masaƙa a nan Borås, ƙasar Suwidin, ni ina kan injin saƙa, shi yana yawo da sufana a aljihun baya yana gyara abin da muka ɓata. A wancan zamanin ba wanda ya damu da kunnensa. An taɓa raba mana abin rufe kunne saboda ƙarar injuna, mu mata muka ce yana ɓata mana gashi, maza suka ce kayan ragwaye ne. Folke ya rataye nasa a ƙusa, a nan ya tsufa har aka rufe masaƙar.

A wurin ya haɗu da Raili. Ta sauko daga jirgin ruwan Finlan da akwati ɗaya, kamar sauran 'yan matan da suka cika garin nan a lokacin, ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Injinta na kusa da nawa, kuma ban taɓa ganin injin da ke lalacewa kamarsa ba. Na ce wa Folke ko dai shi ne injin da ya fi kowanne lalacewa a ƙasar nan, ko kuwa bakaniken ne ba ya son aikin ya ƙare. Kunnuwansa suka yi ja. Kafin bazara ta zagayo sun yi aure.

Da aka haifi 'yarsu Pernilla, Folke ya kafa doka cewa a gidansa Suwidanci kaɗai za a yi. Ba mugunta ba ce. Haka malaman makaranta ke faɗa a lokacin, wai harshe biyu na rikita yaro, shi kuwa Folke mutum ne mai gaskata duk wanda ya sa tabarau. Raili ta koyi harshenmu har tana iya faɗa da mai sayar da kifi ta yi nasara. Finlanci ya koma sai in tana ƙirga idon saƙa, ko in tukunya ta ƙone mata yatsa. A shekara hamsin da ɗoriya, abin da Folke ya tsinta a harshen matarsa bai wuce "na gode" da ashar guda ɗaya ba.

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali. Ta fara da neman sunan cokali, sai sunan maƙwabta. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne harshen da mutum ya koya da girma shi yake fara tafiya. Kafin a kai ta gidan kula da tsofaffi, Suwidancin nan da ta sha wuya a kansa ya zube tas, ya bar ta da Finlancin ƙuruciya. Pernilla takan zo daga Malmö ta zauna gaban uwarta, su kalli juna, ta fita tana share hawaye a filin ajiye motoci.

Ni nake kai Folke wurin Raili kullum bayan abincin rana, saboda likita ya hana shi tuƙi, ni kuwa tun da maigidana ya rasu ba abin da nake yi sai faɗa da rediyo. Yakan saya mata burodin kirfa a hanya. Ta karɓa da ladabi, kamar daga hannun baƙon da ya zo duba famfo, ta yi ta zuba masa labari, shi yana gyaɗa kai. Wata rana muna komawa, ruwa na dukan gilashi, ya ce min ba rashin jin maganarta ne ke cin sa ba.

"Majken, ban sani ba ko ta san ni," ya ce. "Ko da a ce za ta zage ni ne, in dai ni ɗin take zagi."

Na ƙara wa abin share gilashi gudu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, haushinsa ma haka.

Shi ya ga sanarwar a laburare. Masu bincike daga jami'a suna neman tsofaffin da suka haura saba'in, za a koya musu sabon harshe a ga ko hakan na riƙe ƙwaƙwalwa. Sun zaɓi Finlanci ne don bai haɗa komai da namu ba, kowa daga tushe zai fara. Sharaɗin ɗaya ne, kada mutum ya san komai a harshen. Mai kula da binciken wata yarinya ce, Elvira, doguwa, kanta a aske gefe guda. Da ta ji matar Folke 'yar Finlan ce ta ce ba zai yiwu ba, ai dole ya ji wani abu. Ta zaunar da shi ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta ce ya cancanta. Ban taɓa ganin wanda ya ci jarrabawa ya fito da kunya kamarsa ba. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa da makullin mota, yarinyar nan ta tambayi shekaruna, kafin in ankara ni ma na shiga.

Ba zan ɓoye ba, binciken ya ishe ni. Yau a nuna maka hotunan agwagwa da laima a ce ka tuna, gobe a kifa maka hula mai wayoyi a ka kamar za a gasa ka. Na ce wa Elvira ƙwaƙwalwar da ta riƙe laifin kowa a garin nan tun zamanin masaƙa ba ta buƙatar agwagwa. Ta yi dariya ta rubuta wani abu. Amma darasin kansa na ji daɗinsa, ga gahawa kyauta.

Folke shi ne na ƙarshe a aji. Mutanen Finlan suna jan wasali a inda mu ba ma ja, kuma jan nan shi ne bambancin kalma da kalma. Elvira takan buga tebur da hannu, sau ɗaya ga gajere, sau biyu ga dogo. Folke ya karkato kunnen dama, ya murɗa na'urar jinsa har ta yi fito, ya ce shi duk ɗaya yake ji. Amma ba ya fashi. A mota ma maimaitawa yake, har na yi masa barazanar sauke shi a tashar bas.

Wajen farkon hunturu ya haɗa jimlarsa ta farko. So yake in zai tafi ya ce mata "zan sadu da ke gobe". Ranar ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Ya sha gahawarsa, ya miƙe, ya riƙe hula da hannu biyu, ya faɗa da ƙarfi irin na kurame.

Raili ta tsaya da taunar burodi. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun muna 'yan mata, har ta sarƙe na bubbuga mata baya. Ta kama shi ta haɓa, ta juyo da fuskarsa, ta ce, "Tapaan," tana jan ƙarshen kamar mai kiran saniya. Ya maimaita, ta doke masa hannu. Ya sake, ta ja masa kunnen nan da ba ya aiki.

A mota na buɗe littafinmu na duba. "Tapaan" shi ne zan sadu da ke. Abin da Folke ya faɗa, "tapan", shi ne zan kashe ki.

"Ka ga aikinka ko?" na ce. "Shekara hamsin ba ka ce mata uffan a harshenta ba, yau da ka buɗe baki sai ka ce gobe za ka kashe ta."

Bai ji kunya ba ko kaɗan. Yana shafa haɓarsa a inda ta riƙe, ya ce rabon da ta taɓa shi da hannunta tun kafin a kawo ta gidan nan.

Washegari ya sake kuskuren. Ita kuwa ta manta da na jiya, abin ya zo mata sabo fil, ta yi dariya, ta kama haɓa, ta gyara. Haka aka yi ta yi har dusar ƙanƙara ta zo ta tafi. Ma'aikatan gidan suka saba, in sun ji dariya daga ɗakin ƙarshe sun san Folke zai tafi. Ni ina gefe ina tsaki, ina cewa jakin da ke da kunne biyu ma da yanzu ya koya. A raina kuwa lokacin nan nake jira kullum.

Da ganye ya fara fitowa aka yi mana gwajin ƙarshe. Bibbiyu ake shiga, aka haɗa ni da shi. Za a sa maka kalma a kunne, ka maimaita, ka faɗi ko doguwa ce ko gajera. Ni na faɗi da yawa. Folke kuwa ina ji yana jera su ɗaya bayan ɗaya, dogo a dogo, gajere a gajere, har da kalmar nan tamu. Elvira ta ajiye biro ta tafa masa. Ta ce irin wannan take fata ta gani tun da ta fara aikin, mutum mai kunne ɗaya ya koyi jin abin da da can ba ya ji.

Na bari sai da muka shiga mota na kulle ƙofa.

"Tun yaushe ka iya?"

Ya kalli titi. Ya ce tun wajen Kirsimeti.

"Amma kullum kake tsayawa gaban baiwar Allah kana yi mata ƙarya."

"In na faɗa daidai, me za ta gyara?" ya ce.

Raina ya ɓaci, kuma har yau ina ganin ina da hujja. Na ce masa matar nan ta haɗiye harshenta rabin ƙarni saboda dokarsa. Ko sau ɗaya ne ta cancanci ta ji mijinta ya yi mata magana cikakkiya, ba wasan yara ba. Na ce wa ya sani, wataƙila in ta ji shi daidai ne za ta gane shi. Wannan ta ƙarshen ce ta shige shi. 

Washegari rana ta fito sosai, an buɗe mata taga. Ta ci burodinta, ta ba mu labarin wani kare da wata gada, muna tsintar kalma ɗaya a cikin goma. Da lokacin tafiya ya yi Folke ya miƙe, ya riƙe hula, ya dube ni, sannan ya faɗi jimlar. Ya ja wasalin nan daidai inda ake ja, ko Elvira sai haka.

Raili ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama, ta ja rigar sanyinta ta rufe ƙirji, ta ɗora hannuwa a cinya. Ta yi masa magana a hankali, da irin ladabin da ake yi wa baƙon namiji, gajerun jimloli kamar na littafinmu. Sannan ta juya tana kallon taga.

Muka fito. Na san ni na jawo. A barandar na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu in yi shiru. Leɓunansa na motsi, yana jera abin da ta faɗa.

"Me kika kama?" ya ce.

"Na ji 'gobe', na ji 'ba zai yiwu ba'. Sauran ya wuce ni."

"Cewa ta yi gobe ba zai yiwu ba, mijinta zai zo." Ya tsaya ya ja numfashi. "Wai ɗan Suwidin ne, bakinsa bai iya ba. Ita take koya masa."

Ya tambaye ni ko ni ma na ji kalmar, kada a ce kunnensa ne. Na tuna sautin, na ce na ji, "mijina" ta ce. Sai tsohon nan ya jingina da bango ya rufe fuska da hular, kafaɗunsa na rawa. Ni ma kukan na yi, na farin ciki, a gaban wata ma'aikaciya da ke tura keken kwanuka.

Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, ya gyara wuyan rigarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar ya koma ciki kamar wanda ya manta bai yi sallama ba. Ban bi shi ba. Daga inda nake na ji muryarsa da ƙarfi, ya yanke wasalin nan gajere, ya ce mata gobe zai kashe ta. Sai dariyar ta taso.

Na nemi benci na zauna, na mayar da makullin mota cikin jaka.