Tafiyata Tasawa don in kama Sha'aibu da ƙarya

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: da furfurata na bar gero yana ido, tsuntsu na ci, na tafi Tasawa don in kama taubashina da ƙarya.

A Isawan ni ne mai labarin duniya. Na ga Agadas, na kwana Kano. Sha'aibu kuwa gardi ne, wato mai gadi, a filin jirgin Tasawa, aikinsa korar awaki da cire ƙaya. Sai ga labari wai ya shiga jirgin sama. Tun ranar, in na buɗe baki a fada, sai a ce, "Lawali, bari Sha'aibu ya zo mu ji na sama." Tuwo ya daina wuce mini.

Isawan zuwa Kanan Bakashe

Ƙarfe biyar da rabi, da sallame asuba, na hau kabu-kabu da babbar rigata ta Sallah. Yashi ya kayar da mu sau biyu. Mai babur ya ce, "Baba, biki za ka?" Na ce, "Shari'a." Bakwai da kwata muka isa. Na sha koko da ƙosai na dala ashirin.

Kanan Bakashe zuwa Tasawa

Sai ƙarfe tara motar kasuwa ta cika, aka ɗora ni bisa buhun wake. A shinge jandarma ya daɗe yana duban katina, ya ce hoton ya fi ni fara'a. Sha ɗaya da rabi muna tasha.

Filin jirgi

Ni na zaci bene da gilashi. Ashe fili ne na jar ƙasa, dogo, da ɗaki guda da wani tsumma bisa sanda mai nuna iska. Raina ya yi fari. Sha'aibu ya taso da sandarsa.

"Bawana! Wa ya rasu?"

"Ƙarya ce ta rasu, na zo jana'iza. Ina jirgin?"

"Sha fura tukuna."

Ƙarfe biyu muka ji ruri. Ya ruga ya kori wasu jakai, abin ya sauko, ɗan ƙarami, bai kai kamiyon ɗaukar kaya ba. Matuƙin ya fito, ya miƙa masa hannu biyu: "Baba Sha'aibu, ina gajiya?" Da sunansa!

Tare da matuƙin akwai malamin gona. Ya ce makwancin jan baki, tsuntsun nan mai cin gero, suke nema ta wajen Isawan don a yi feshi, ko akwai wanda ya san dajin? Ban bari Sha'aibu ya yi numfashi ba.

"Ni! Kowace ƙaya ta san ni. Wannan ko gonar ubansa ba ya ganewa."

Aka buɗe ƙofa. Na ɗora ƙafa ɗaya, jirgin duka ya motsa saboda nauyina. Na ƙwanƙwasa jikinsa, na ji kamar kwanon sha. Na sauke ƙafar, na ce ban yi azahar ba.

"Mu jira ka, Baba," in ji matuƙin.

Na ce ina da wuridi mai tsawo.

Sha'aibu ya dube ni, bai yi dariya ba. Da ma ya yi. Ya miƙo mini sandarsa, ya ce, "Riƙe mini filin." Ya shige kamar mai shiga ɗakinsa. Minti arba'in ina korar awaki cikin rigar Sallah, ina kallon jirgin yana ƙanƙancewa ta wajen garinmu, bisa gonata.

Komawa

Na kwana gidansa, matarsa ta yi tuwo da miyar kuka har da kaza. Da safe ya raka ni tasha, ƙarfe takwas muka tashi, la'asar ina gida. Na gode wa Allah da ya mayar da ni lafiya, na gode wa mai gidan da matarsa. Bayan kwana biyu aka yi feshi, geron da ya rage ya tsira.

Mutanen fada sun tambaye ni, na ce jirgin ba wuri. Har yau Sha'aibu bai ƙaryata ni ba. Amma a tasha, ina ta tagar mota, ya matso ya ce a hankali:

"Ba mai ji daga bakina, Lawali. Sai dai faɗa mini, da ni ne na sauke ƙafa, da ka rufa mini?"