Rijiyar da Na Kashe da Kaset

Ni ɗan Kusfa ne, cikin birnin Zariya. Mahaifina maɗinki ne, ya so in gaje shi, ni kuwa na raina allura. Zamanin da bidiyo ya shigo gari na koyi ɗaukar biki da suna, na buɗe ɗan gidan kallo a wani zaure.

A hankali ɓarnar ta fara. Da farko finafinan mutane nake kwafa ina sayarwa. Daga nan na gano in ka yanka hoto ka ɗora masa murya, sai ya faɗi abin da kake so.

Wani attajirin unguwarmu, Alhaji Mudi, ya haƙa wa jama'a rijiya saboda Allah. Ranar buɗe ta ni ya kira in ɗauka. Na ɗauki hoton duba-gari yana zuba farin maganin tsabtace ruwa a ciki. Da na koma zaure sai na ɗora murya, na ce maganin hana haihuwa ne Turawa suka ba Alhaji. Kai, kaset ya yi kasuwa! Har daga unguwar Tukur-Tukur ake zuwa kallo. Mata suka ƙaurace wa rijiyar, yara suka riƙa jifan motarsa.

Alhaji ya tako har zaurena, ya ce, "Yaro, me na yi maka?" Na kasa ɗaga kai, amma ban daina sayarwa ba.

Ya kai ƙara. Alƙali ya ɗaure ni kan ɓata suna, ya sa aka tattara kaset-kaset ɗin aka ƙone. Ina gidan yari ina cewa shi ke nan, magana ta mutu. Ina! Mutane cewa suka yi da ƙarya ce, da hukuma ba ta ƙone ba.

Kafin in fito Alhaji ya rasu, ban samu damar roƙonsa gafara ba. Wannan yana ci mini rai. Na tsaya a ƙofar masallaci na ce wallahi ni na ƙirƙiro zancen. Wani dattijo ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, shi ma sun saye shi."

Samari, ku ji tsoron Allah, kada ku taɓa mutuncin mutum don a kalle ku. Zaman kurkuku yana ƙarewa, ƙazafi ba ya ƙarewa da shi.

Na yashe rijiyar da hannuna. Ruwanta muke sha, ni da matata da 'ya'yan da muka haifa bayan fitowata. Har yau mu kaɗai ke ɗiba, kuma ba zan fasa ba sai na ga gugan wani a cikinta.