Malam Munkaila, Mai Tambayar Ganye

Lokacin ɗari, da an sallame Asuba, Malam Munkaila, malamin gona, sai ya gangara fadamar Badagishiri da 'yar na'ura a rataye. Ya bi kunyoyin waken soyan da ya shuka don gwaji yana ɗana wa ganye 'yan hulunan roba. Ni dai abin ya hana ni sakat, na tare shi.

Ya ce ganye yakan ci hasken rana ya maido ragowa, wani ja-ja da ido ba ya gani. In ya sa wa ganyen hula ya huta cikin duhu, sai na'urar ta haska shi ta auna abin da ya maido. Wanda sanyi ya taɓa, a nan yake tona kansa tun bai yi rawaya ba.

Matan garin ke jiran amsar. Fili guda aka ba su na noman rani a 1996, ga iri kala-kala. In suka shuka marar jure sanyi, babu awara, babu kunun yara sai wata shekara.

Ran nan ya tarar an kewaye gwajin nasa kaf da zana. Aikin Barira ne, shugabar matan, wadda ta saba kare tumatirinta haka.

"Malam, mi ya sa ka bar su a fili? Ɗarin ga kashe su za ya yi!"

Ga shi kuwa sanyin yake so su sha. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi, ya ce, "Inna, ki kwashe rabi, ki bar rabi, mu ga bambanci."

Da aka auna, dogon irin da matan suka ƙwallafa wa rai lafiyarsa lau a bayan zana, amma a fili ya jigata. Wani gajere da kowa ya raina bai ma san ana sanyi ba. Shi suka shuka, ya yi 'ya'ya jingim.

Malam Munkaila, kai ne ka tsaya ka tambayi ganye damuwarsa. Kai ne ba ka kunyata tsohuwa don ta yi tausayi ba. Yau da ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi haƙurinsa da yawan tambayarsa.

Jiya na sayi awarar Barira a kasuwa, na tambaye ta sunan irin.

"Sunan da Nasara suka sa mai ya ɓace mini," in ji ta. "Mu Ɗan Munkaila muka sani."