Cedric Bullimore da Zaren Garinsu

Cedric Bullimore ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, amma a ƙauyen Worstead na ƙasar Ingila da kalma ɗaya aka san shi: worsted. Duk baƙon da ya tsaya kallon coci sai Cedric ya tare shi, ya gaya masa daga sunan garin nan Turanci ya samo kalmar, tun zamanin da masaƙa suka cika shi. Asalinta zaren ulu ne mai dogon gashi da aka taje ya yi sumul, sannan yadin da ake saƙawa da shi. Amurkawa kuma suka mai da ita sunan kaurin zare, abin da bai taɓa yafe musu ba.

Sirrinsa ɗaya ne: fatarsa ba ta shiri da ulu. Da ya taɓa shi sai ƙuraje. Duk suwaitarsa ta zaren roba ce, matarsa Muriel ke sayowa a birnin Norwich ta yanke tambarin.

Da ya cika saba'in, matan ƙungiyar saƙa suka kaɗa zaren ulu da hannu, suka saƙa masa suwaita mai dogon wuya. Shugabarsu, Uwargida Howlett, ta miƙa masa a bikin garin, ta ce ya sa kafin ya yi jawabi. Muriel ta raɗa masa ya ce ana zafi. Ya ce ɗan Worstead ba ya gudun ulu a gaban baƙin da suka zo daga Landan.

Ya sa. Bai yi nisa da jawabin ba wuyansa ya yi jajir. Ya fara goga baya da turken rumfa kamar mai gyara tsayuwa. Da ya iso kan Amurkawa hannu bibbiyu yake susa, baƙi suna tafi, sun ɗauka haushi ne.

"Cedric, cire ta kafin ka kayar mana da rumfa," in ji Muriel.

Ya cire, ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Uwargida Howlett ta ce ai sun daɗe da sani, tun daga bakin titi suke gane zaren roba.

"So muke mu ji daga bakinka, tsoho. Kawo a yi mata shafin auduga daga ciki."

Ya ƙi, wai shafi raini ne ga zaren. Yanzu riguna biyu na auduga yake sawa a ƙarƙashinta, zafi da sanyi, yana tare baƙi yana sharce gumi.