Dutsen Guga Ya Cinye Min Shekara Bakwai

Gaisuwa ga edita da masu karanta wannan shafi. Ni ɗan kasuwa ne, don haka da lissafi zan fara. Na zuba dala dubu sittin da biyu na kaina, wani likita ɗan garinmu ya zuba dubu arba'in, kuma na shafe shekara bakwai ina harhaɗa kayan. Katuna ne na kwali, kowanne bai cika tafin hannu ba, ɗauke da hotunan 'yan wasan ƙwallon besbol na Amurka na shekarun alif ɗari tara da hamsin, guda ɗari huɗu da 'yan kai, duka fitowar shekara ɗaya. Akwai mai saye a ƙasa da ya taya dala dubu ɗari da hamsin idan na cika sharaɗinsa. Kati ɗaya ne ya hana, kuma a kan wannan katin na yi aikin da har yau nake jin kunyarsa.

A lokacin ina zaune a Clinton, cikin jihar Maryland, da matata da yaranmu uku. Na shigo Amurka farkon shekarun dubu biyu ba tare da takardar jami'a ba. Abin da na iya shi ne gwanjo, a cikinsa na tashi a Kano. Na ɗan yi tasi har na tara jari, sannan na koma sana'ata. Ina bin gidajen da ake gwanjon kayan mamaci da ɗakunan ajiya da masu haya suka gudu suka bari, in saya a dunƙule, in tsince, in cika kwantena in tura gida. Ƙa'idata ɗaya ce tun daga wurin maigidan da ya koya min kasuwa: kaya ba ya barin hannuna sai na gyara shi. Takalmi a goge, riga a wanke a yi mata guga, zaren da ya fito a datse. A wurinmu miƙa wa mutum kaya a yamutse raini ne, kuma da wannan ƙa'idar na gina gida a Kano, na sayi wanda nake ciki a nan.

Katunan sun same ni ne a garin Annandale, cikin jihar Virginia. Wani dattijo ya rasu, 'ya'yansa suna sayar da komai, na sayi wata kabad da duk abin da ke cikinta. Ina lodi a mota sai wani tsohon Bature ya biyo ni, ya nuna wani kwalin takalmi da ke cikin kabad ɗin, ya ce zai ba ni dala ɗari uku a kansa. Ni ban ma buɗe kwalin ba. Amma na san idan mutum ya yi maka tayi kafin ka sa kuɗi, to ya ga abin da ba ka gani ba. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙara, na ƙi. Ya sake ƙarawa, na rufe ƙofar mota. Sai ya fashe da dariya, ya ce shekara talatin yana wannan harka bai taɓa ganin wanda ya ƙi sayar da abin da bai san mene ne ba. Ashe tsofaffin katunan besbol ne a cikin kwalin, shi kuma shagon sayar da irinsu gare shi. Daga ranar muka ƙulla. Ina kiransa Tsoho, shi kuma da na koya masa kalmar gwanjo sai ya mayar da ita sunana.

Tsoho ne ya buɗe min ido. Ya nuna min cewa akwai kamfanonin da ake aika wa kati su tantance shi, su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, su rufe shi a cikin gidan roba mai tauri da makin a rubuce a goshinsa. Suna duba kusurwa, da gefe, da fuskar katin, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. Maki ɗaya kan ninka farashi biyu ko uku. Ya ce wanda ya haɗa fitowar shekara guda cif, kowane kati da maki takwas, zai sayar da su a dunƙule fiye da kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Nan take na gane harkar, domin a gwanjo ma kwat da wandonsa sun fi kwat shi kaɗai kuɗi. Ya kuma gaya min baro-baro cewa ba a gyara kati, ba a goge shi, ba a datse shi. Na ji shi sarai. Sai dai a raina na ɗauki maganar a matsayin fi'ili irin na mutanen da ba su taɓa ciyar da iyali da kayan gwanjo ba.

Da jarina ya fara gazawa, na haɗu da Likita a wurin wani suna a Woodbridge. Da na yi masa bayani ya dube ni ya ce, Alhaji, kai da ko dokar wasan ba ka sani ba, in an tambaye ka wa ya ci me za ka ce? Na ce masa ranka ya daɗe, shekara goma na yi ina sayar da rigunan sanyi a Kano ban taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba. Aka yi ta dariya, amma bayan sati biyu ya kira ni ya ce zai shiga. Muka yi magana a kan cewa in an samu riba a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, in kasuwa ta faɗi kowa ya ɗauki rabonsa.

Na bi baje koli daga Virginia har Pennsylvania, na yi ciniki ta intanet, na koyi duba kati da gilashin ƙara girma. Na sa na'urar tsotse laima a ɗakin ƙasa saboda katunan. Matata takan ce ina lallaɓa hotunan mazan da suka daɗe da mutuwa fiye da yadda nake lallaɓa ta, in ce mata su ba sa tambayata kuɗin cefane. Har zuwa nan sana'a ce mai tsafta, kuma na iya ta.

Ɓarnar ta fara ne da wani kati mai araha wanda kusurwarsa ta ɗan lanƙwashe. Hannuna ya kasa haƙuri. Na shimfiɗa farin hankici a kansa, na rage wutar dutsen guga, na ɗan danna kamar yadda nake yi wa kwalar riga, na ɗora masa littattafai ya kwana. Na aika shi kamfani, ya dawo da maki takwas. Ban gaya wa kowa ba, amma na ji daɗi irin na mutumin da ya gano abin da masu abin ba su sani ba. A cikin shekarun da suka biyo baya na yi wa katuna goma sha ɗaya haka, har da wannan na farko, wasu ma har da reza na share musu gashin kwali da ya taso a gefe, kuma duk suka wuce. Ban taɓa kiran abin algus a zuciyata ba. Gyara nake kiransa.

Katin da ya fi kowanne tsada shi ne na wani shahararren ɗan wasa. Mai maki takwas ya haura dala dubu arba'in da biyar, ba mu da ita, sai na sayi mai maki bakwai a kan dubu goma sha takwas. Da shi adadin ya cika. Tsoho ya kawo min mai saye, wani lauya a Virginia da ya ce mahaifinsa ya taɓa tara irinsu. Lauyan ya duba kaya ya ce in duk takwas ne zai biya dubu ɗari da hamsin, a yadda suke kuma da bakwai ɗin nan zai biya dubu ɗari da ashirin da takwas. Na kira Likita. Ya ce Alhaji karɓi, riba dubu ashirin da shida ba wasa ba ce, Allah ya sa albarka. Na ce ya ba ni wata ɗaya, akwai dabarar da zan yi. Bai tambaye ni wace dabara ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar wata Lahadi da hantsi na sauka ɗakin ƙasa, na sa filaya na fasa gidan robar, na fito da katin. Matsalarsa kusurwa ɗaya ce da ta ɗan tauye, sai gefen ƙasa da ya yi gashi. Na yi masa guga, na ɗora rula na ja reza, abin da na cire bai kai kaurin farce ba. Ina cikin yi matata ta sauko da kayan makarantar yara tana jiran dutsen guga. Ta tsaya tana kallona, ta ce Baban yara, wannan ma ɗinkin Sallah ne? Na ce gyara nake yi. Ta ce to idan gyara ne, za ka gaya wa mai sayen ka gyara? Na ce mata ta bar maganar kasuwa ga 'yan kasuwa. Ta ce to, ta karɓi dutsen gugarta ta hau sama. Da na dubi katin, wallahi ya yi kyau fiye da yadda na taɓa ganinsa.

Bayan 'yan makonni ya dawo daga kamfani babu maki ko ɗaya. Abin da suka rubuta shi ne katin na asali ne amma an taɓa shi. Na ɗauka na tafi shagon Tsoho ina faɗa, ina cewa sun zalunce ni. Ya sa gilashinsa ya duba, ya auna shi da wani katin, ya karkata shi a hasken fitila. Ya nuna min yadda gefen ƙasa ya yi fari tas alhali sauran ukun sun yi launin tsufa, da yadda zafi ya kashe sheƙin fuskar a kusurwa. Ya ce kati mai tsada irin wannan ba a duba shi da gaggawa kamar na dala ashirin. Sannan ya ajiye gilashin ya tambaye ni, Gwanjo, guda nawa ka yi wa haka? Zan iya cewa shi kaɗai ne, don sauran suna cikin roba da makinsu. Na ce goma sha ɗaya, ban da wannan. Sai ya ce mutane suna biyan wannan kuɗi ne saboda shekara sittin kati ya yi a duniya babu wanda ya sa masa hannu, ni kuma wannan ɗin na goge. Ya ce shi ya kawo lauyan, don haka dole ya gaya masa. Washegari lauyan ya janye, ko tayin dubu ɗari da ashirin da takwas ɗin bai sake maimaitawa ba.

Zuwa Woodbridge ya fi min komai nauyi. Na zauna a cunkoson babbar hanya ina shirya yadda zan fara, na isa ban shirya komai ba. Bayan mun gaisa na zayyana wa Likita komai. Ya tambaye ni ko kasuwa ce ta faɗi, na ce a'a. Ko sata aka yi, na ce a'a. Ya ce to Alhaji, wannan ba ita ce asarar da muka yi magana a kanta ba. Na ce na sani, uwar kuɗinsa tana wuyana. Bai ɗaga murya ba, ya ma hana ni tafiya sai da na ci tuwo. Da ya rako ni mota ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne da na ce akwai dabara bai tambaye ni ba, saboda ya ɗauka mutum irina ba sai an tambaye shi ba.

Na wargaza abin da na haɗa na sayar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke ni fiye da shekara. Goma sha ɗayan nan na fasa robarsu, duk wanda ya zo saye na gaya masa an yi musu guga, suka tafi a wulaƙance. Tsoho yana gaishe ni in mun haɗu a baje koli, har ya tambayi yara, amma bai sake kawo min mai saye ba har ya rufe shagonsa.

Abin da nake so 'yan'uwana su ji, musamman waɗanda suka zo ƙasar nan da sana'ar gida a hannunsu, shi ne kowace kasuwa tana da abin da take biya wa kuɗi, kuma sai ka san shi kafin ka sa hannu. Ƙa'idar da ta ciyar da ni a gwanjo ita ta karya ni a kati, kuma ba don ba a gaya min ba. An gaya min, na raina mai faɗar saboda ina ganin na fi shi sanin kaya. Duk gyaran da ba za ka iya faɗa wa mai saye ka yi ba, ka bar shi, ko da ya wuce sau goma ba a gane ba. Idan kuma da kuɗin wani a cikin kaya, kada ka gwada dabarar da ba ka sanar da shi ba.

Ga yadda aka tashi. Katin dubu goma sha takwas na sayar da shi dubu uku. Duka kayan sun kawo dubu tamanin da ɗaya. Na mayar wa Likita dubu arba'in ɗinsa cif, babu riba ko dala ɗaya bayan shekarun da kuɗinsa suka yi a hannuna. Ni na tashi da dubu arba'in da ɗaya daga sittin da biyu. Faɗuwata dubu ashirin da ɗaya ke nan, ban da ribar dubu ashirin da shida da aka miƙo mana na ce a ba ni wata ɗaya.